Gonar da Kan Sarki Ya Cinye

Ku 'ya'yana, musamman kai Nasiru da ba ma wucewa ta bakin fadama ba ka yi tsaki ba, na san abin da aka gaya muku game da gonar nan. An ce muku ubanku ya jinginar da gonar gado ya sayi kan sarkin manna wa wasiƙa da kuɗin, ya raba wa mutanen gari kamar goron suna. Wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba, sai dai ganye ya ba ku ya riƙe saiwa. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da uwarku Saude, ita kuwa in ta tashi ba da labarin, dariya ce ke cinye rabinsa. Don haka na ce bari in rubuta muku da hannuna tun ido yana gani, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A wancan lokacin ni ne wakilin gidan waya a garinmu Marken Tudu, can ta wajen Kunci. Kada ku ji an ce gidan waya ku zaci wani gini ne. Zauren gidanmu ne, da tebur mai ƙafa uku da rabi, da jan akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin bango, da sikeli, da jakar wasiƙu da motar kasuwa ke kawowa daga birni ranar Laraba in ta ga dama. Dokar da aka karanta mini ranar da na karɓi aikin ita ce, duk ɗan ƙasa, ko a tsakiyar birni yake ko a bayan rafi, yana da haƙƙin wasiƙarsa ta same shi, kuma kuɗin kan sarki ɗaya ne ga kowa. To amma kai wasiƙa ɗaya tak zuwa rugar da ke nesa asara ce, ko facin tayar keke ba za ta biya ba. Shi ya sa gwamnati take ba irinmu ɗan alawus duk wata, wai diyyar wahala. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma suna sayen gishiri da kananzir, kuma sun sa ana kirana Mai Waya, sunan da ya danne nawa na yanka har yau. Ni ma na ƙara wata doka tawa ta kaina. Ba na miƙa wasiƙa sai na tsaya a ƙofar gida na kira sunan da ke jikin ambulan da ƙarfi, sau uku, don maƙwabta su san cewa wane ma yana da mai tunawa da shi.

Mutum ɗaya ce ba ta kirana Mai Waya, ba ta kuma kirana da sunana, wato Inna, kakarku. Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san kunyar matan da a kan ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ta yi mini magana ba. In tana da saƙo, wata jar akuya take gaya wa, wadda ke ɗaure kusa da turmi. Sai in shigo a gajiye in ji tana cewa:

"Ke akuya, in kin ga mai jakar nan ki gaya masa furarsa na cikin ɗaki, tun ba ta yi tsami ba."

Ƙanena Garba kuwa, da ke dako a Ikko yana aiko mata takardar kuɗi jefi-jefi, sunansa ba ya sauka daga bakinta. Garba ya ce, Garba ya aiko, Allah ya yi wa Garba albarka. Ni da nake karɓar takardar, in karanta mata, in canzo mata kuɗin, ladana shi ne a gaya wa akuya ta gaishe ni. Na san al'ada ce, na san kunya ce ba ƙiyayya ba. Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa, abin yana mini ciwo, ga ni da gemu ina kishin ƙanena.

Sai shekarun nan na tsuke bakin aljihu suka zo, lokacin da ake yin layin sabulu da madara a birni, mu kuma a ƙauye gero ya ƙi damuna biyu a jere. Samari suka watse ci-rani. Gidaje da yawa ba abin da ke riƙe da su sai ɗan abin da ke zuwa cikin jakata. Ana cikin haka aka aiko mini da sanarwa daga babban ofis, cewa gwamnati ba za ta iya ci gaba da biyan diyya ga kowane zaure ba. Za a sa ido wata uku. Duk wakilin da wasiƙun da ke fita daga wurinsa ba su kai ɗari a wata ba, za a cire akwatinsa, sufeto kuma zai zo da kansa ya yanke hukunci. Mu kuwa in mun yi ƙoƙari muna fitar da goma sha biyu, don mutanenmu sun iya karɓa amma ba su iya amsawa ba. In aka cire akwatin, tsohuwar da ke jiran abin ɗanta sai ta yi tafiyar wuni guda a ƙafa kafin ta same shi, in ma ta san ya iso.

Na karanta wa uwarku sanarwar a tsakar gida, na zauna na rafka tagumi. Inna tana gefe tana tankaɗen kuka. Ta juya ta dubi akuya ta ce:

"Kin ji masu ilimi. In takarda gwamnati ke so, ba sai su zauna su rubuta wa junansu ba, tunda aikin yi ya ƙare a garin?"

Ita gatse ta yi. Ni kuwa na miƙe har hulata ta faɗi. Na ɗauko littafin doka na bi shi layi-layi, ban ga inda aka hana mutum rubuta wa maƙwabcinsa ba. Washegari na kai wa dagaci maganar, ya tara magidanta a gindin marke, kowa ya ce dabara ta yi. Matsala ɗaya ce ta rage, ita ce kuma babba. Wanda bai da na cefane ba zai sayi kan sarki don ya gaida mutumin da yake ji yana tari ta bayan danga ba. Aka yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

A nan ne na yi abin da kuke zargina da shi. Na je wurin wani Alhaji mai sayen hatsi daga Shanono na jinginar masa da gonar fadama, a kan in alawus ya daidaita zan fanshe ta kafin damuna biyu. Ban shawarci kowa ba, don na san amsar da zan samu. Na je birni na sayo kan sarki da ambulan da takardu cike da jaka. Ranar da Inna ta ji, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki kujerarta ta kai gaban akuya ta zauna, ta yi mata wa'azi tun daga la'asar har rana ta yi ja, a kan wani mutum da ubansa ya bar masa ƙasa mai ba da rake da albasa, shi kuma ya musanya ta da hoton da ake lasa. Akuyar nan ta sha faɗan da ba nata ba, har ta daina cin dusa.

Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin a nan masu labari ke ɓata mini suna. Ban taɓa aika farar takarda ba, ban taɓa ƙirƙiro sunan wanda babu shi ba. Sharaɗina shi ne, duk wanda ya karɓi kan sarki dole ya kasance yana da wanda zai rubuta wa da abin da zai faɗa masa, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Malaman allo suka riƙa rubuta wa mutane da ajami. Uwarku, da ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta riƙa rubuta wa mata a cikin gida. Ni kuma na kafa tebur a zaure ina rubuta wa maza. Sai dai akwai abin da ban lissafa ba. Don a ƙirga wasiƙa a san ta fita, dole ta shiga jaka ta je birni a buga mata hatimi sannan ta dawo. Motar kasuwa kuwa a shekarun nan, in ta samu mai ba ta da taya, in ta samu taya ba ta da mai. Wasiƙar da za ta tsallaka danga ɗaya sai ta yi mako uku, wani lokaci shida.

Sarkin fawa ya rubuta wa maƙwabcinsa yana gayyatarsa sunan ɗansa. Wasiƙar ta iso bayan mai jego ta gama wankan arba'in. Maƙwabcin, wanda ya halarci sunan ya ci ya sha, ya sa babbar riga ya je ya yi sallama da takarda a hannu, ya ce ga shi an gayyace shi da hatimin gwamnati, a fito masa da nama. Wani ya rubuta wa surukinsa neman aron jaki, kafin amsa ta dawo jakin ya mutu, sai amsar ta zama ta'aziyya. Amma waɗanda suka fi kowa cin kan sarkina su ne Ba Modu da Arɗo Buba. Ba Modu Babarbare ne mai sayar da kanwa da bandar kifi, kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna. Arɗo Buba kuwa shugaban Fulanin rugar bayan rafi ne. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Shekara talatin suna tsokanar juna da baki a kasuwa, sai ga shi an ba su damar yi a rubuce, kyauta.

Ba Modu zai zo ya zauna ya gyara hula ya ce:

"Rubuta. Zuwa ga bawana Buba. Bayan gaisuwa, nonon da matarka ta kawo ranar kasuwa, mun samu ƙaramin kifi a ciki. A riƙa tace ruwan rafin kafin a zuba."

Bayan mako uku in taka keke har ruga, in kira sunan Arɗo sau uku, in buɗe in karanta masa, tunda shi ma ba ya karatun boko. Ya ɗaga sanda ya bi ni da gudu har bakin rafi, sannan ya dawo da ni ya ba ni kindirmo ya ce:

"Zauna ka rubuta. Zuwa ga bawana Modu. Kifin naka ne, daga buhunka ya gudo saboda wari. Ka zo ka biya kuɗin nonon da ya sha."

Ni na rubuta, ni na kai, ni na karanta, ni ake kora da sanda. Wani lokaci kafin amsa ta iso Ba Modu ya manta abin da ya faɗa, sai ya rantse shi aka fara tsokana. Amma ina gaya muku, a shekarar da mutane ke kwana da kunu tsararo, ranar Laraba ta zama ranar dariya a Marken Tudu. Mutane kan taru a ƙofar zaure tun hantsi suna jiran jaka. Har wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara huɗu ba sa ga maciji a kan iyakar gona suka shirya ta wasiƙa, don abin da baki ya ji nauyin faɗa takarda ba ta jin nauyinsa.

Inna ce kaɗai ta ƙi karɓar kan sarkina. Na ajiye mata ɗaya a kan faifai, ta sa tsinke ta ture shi, ta gaya wa akuya cewa ita ba ta cin gonar mijinta ko da a takarda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata uku suka cika, sai ga sufeto a kan babur, dogo baƙi, da tsagar Barebari a kumatu, fuskar nan a murtuke. Ya zauna a kujerata ya buɗe fayil, gari kuma ya cika zauren har waje. Ya dube ni ya ce:

"Malam, tambaya ɗaya na zo da ita. Mutanen garin nan kurame ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya sa wasiƙunku ke tashi daga Marken Tudu, su sha mai su zo birni, mu buga musu hatimi, su koma Marken Tudu? Yaran ofis har sun daina duba adireshi, da sun ga jakarku sai su juya ta."

Na miƙa masa littafin doka na ce ya nuna mini inda aka hana. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Na ce masa kowane kan sarki an biya kuɗinsa, kowace wasiƙa tana da mai ita, ga su nan tsaye. Ya tambayi wa ya biya. Kafin in buɗe baki dagaci ya ce gonata ce ta biya. Sufeto ya ajiye biro ya dube ni kamar mai duban mahaukacin da bai fara jifa ba. Ana cikin haka ne Arɗo Buba ya kutso da sandarsa, ya leƙa fuskar sufeto, ya ga tsaga, ya ce da ƙarfi:

"Af! Duk wannan rawar jikin da muke yi, ashe bawana aka turo? Kai yaro, rubuta abin kirki a takardar nan, in ba haka ba in mayar da kai kiwon maruƙa."

Na ce a raina shi ke nan, akwati ya tafi. Sufeto ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, leɓensa na rawa, can dariya ta ƙwace masa har yana buga teburin nan mai ƙafa uku da rabi, tebur ya kife da fayil. Da ya natsu ya sa na kira matan da ke karɓar takardar kuɗi, ya ji ta bakinsu ta bayan labule. Kafin ya hau babur ya sayi kan sarki ɗaya da kuɗinsa, ya ce Arɗo ya saurari saƙo.

Ba a cire akwatinmu ba. Amma alawus ɗin an rage shi rabi, rabin ma sai ya yi watanni bai zo ba, kuɗi kuma suka riƙa lalacewa a hannu. Damuna biyu suka wuce ban iya fansar gonar ba, daga baya Alhaji ya cika mini ɗan abin da ya rage ta zama tasa. Wannan shi ne gaskiyar yadda ta tafi. Na yi baƙin ciki, har yau in na wuce ta wurin ina kawar da kai, ba kai kaɗai ke tsaki ba Nasiru.

Inna ba ta ga ƙarshen maganar gonar ba. A kakar shekarar da sufeto ya zo ta kwanta ciwo na kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Ta rasu ban ji ta kira sunana ba, ni kuma ina ganin ta tafi da fushina a zuciya. Wannan ya fi mini asarar gonar zafi.

Bayan rasuwarta da kamar wata biyu, wata Laraba, mota ta kawo jaka biyu. Ɗaya tsohuwa ce, tamu ce da ta ɓata tun kafin zuwan sufeto, an kai ta wani gari mai irin sunanmu ta yi zamanta a can. Ina rarraba wasiƙun a kan tebur sai na ga wata ambulan da rubutun uwarku, da sunana a jiki. Na ɗauka na shiga gida na tambaye ta wace irin tsokana ce wannan. Ta ajiye muciya ta ce ba tata ba ce, ta Inna ce. Ashe wata ranar da mota ta zo da wuri ina can ruga ana bina da sanda, uwarku ce ta ɗaure bakin jaka. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin daddawarta, ta ce a sayar mata da kan sarki, ba na gona ba, nata na kanta. Ta faɗi abin da za a rubuta. Da aka zo kan ambulan ta ce a sa mai jaka. Uwarku kuwa, kun san halinta, ta ce:

"Inna, gwamnati ba ta san mai jaka ba. Doka ce, sai mai wasiƙa ya faɗi suna da bakinsa, in ba haka ba hatimi ba ya kamawa."

Ƙarya ta shirga mata tsagwaronta. Inna ta ce ita ta faɗa mana, ai mijinta ne. Uwarku ta ce ita ma ba ta faɗin sunan miji, kuma ba ita ce mai wasiƙa ba. Suka zauna suna kallon juna, mata biyu da suna ɗaya ya gagara, direba yana ta danna ham a waje. Can Inna ta tashi ta kwance akuya ta kora ta bayan gida, wai kada ta ji. Ta dawo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa sau ɗaya, a hankali.

Na sa yatsa zan yage ambulan, uwarku ta fizge ta ce na karya dokata. Ta tura ni waje. Na tsaya a ƙofar gidanmu da tsakar rana, mutane na wucewa suna kallona, na ɗaga ambulan na kira:

"Isuhu! Isuhu!"

Na ukun bai fito ba. Na zauna a dakali na buɗe. Ga abin da ke ciki, ban ƙara ba ban rage ba:

"Bayan gaisuwa. Maganar gona, ubanka ma haka yake, ya taɓa sayar da jakinmu ya biya wa wani haraji. Na yi masa faɗa shekara guda, kai ma naka bai cika ba tukuna. Amma abin da ka yi daidai ne. Kada ka sake. Garba yana aiko kuɗi, kai kake kawowa, na san wanda ya fi shan rana. Ka riƙa shan fura kafin ka hau keke. Allah ya yi maka albarka."

Wasiƙar tana cikin jan akwatin nan da ke ƙarƙashin gadona, wanda suka bar mini da aka daina aikin. In kun tashi rabon gado ba za ku samu fadama ba, ku yafe mini. Amma in da za a dawo da ni gindin marken nan a sake yin shirun nan, wurin Alhaji zan sake nufa. Har yanzu in gida ya yi tsit nakan ce wa uwarku ta kwaikwaya mini yadda Inna ta faɗa. Shekara nawa ke nan ina roƙo, amsarta ɗaya ce, wai ita ba ta faɗin sunan miji, in ina so in ji, in sayi kan sarki.